Santsi, Tuntuɓe da Faɗuwa: Haɗarin da Ya Fi Kusa da Ma'aikaci

Masana lafiyar ma'aikata sun kasa faɗuwa a wurin aiki gida uku. Akwai zamewa, inda tafin takalmi ke kasa kama ƙasa saboda ruwa ko mai ko ƙura, ƙafa ta sulale gaba, mutum ya tafi da baya. Akwai tuntuɓe, inda ƙafa ke cin karo da wani abu ta tsaya cak, gangar jiki kuma ta ci gaba da tafiya, mutum ya kife da fuska. Na ukun shi ne faɗowa daga sama, daga tsani ko rufi ko bayan babbar mota ko cikin rami. Biyun farko sun fi yawa nesa ba kusa ba, na ukun kuma ya fi kisa. Sau da yawa ma a haɗe suke zuwa, domin birkilan da ya faɗo daga hawa na biyu mai yiwuwa zamewa ya fara yi a kan jiƙaƙƙen katako.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 kowace shekara, a gida da waje da wurin aiki, abin da ya sa ta zama ta biyu bayan haɗarin mota a jerin raunukan da ke kisa ba da gangan ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke aukuwa. Ƙididdigar da ta shafi ma'aikata kaɗai ta fi inganci a ƙasashen da doka ke tilasta kai rahoto. A Birtaniya, zamewa da tuntuɓe a kan shimfiɗaɗɗen daɓe su ne kusan kashi 30 cikin 100 na raunukan da masu ɗaukar aiki ke kai rahotonsu, kuma babu wani dalili guda da ya kai su. Daga cikin ma'aikata 138 da suka mutu a bakin aiki a ƙasar a shekarar lissafi ta 2023 zuwa 2024, mutum 50 faɗowa suka yi daga sama. A Amurka kuwa, a 2022 an rasa ma'aikata 5,486 a haɗurran aiki, 865 daga cikinsu ta hanyar faɗuwa. Waɗannan ƙasashe ne masu sufetoci da inshora da kotunan da ke cin tarar kamfani. A Najeriya da Nijar, inda mafi yawan masu aiki ba su da takardar ɗauka, akasarin irin wannan rauni ba ya shiga kowane littafi, sai dai labarinsa ya tsaya a unguwa.

Tafiyar ɗan Adam tana da lokaci biyu masu haɗari a kowane taku. Na farko shi ne sa'ad da dunduniya ta sauka. A wannan ɗan lokaci gefen dunduniyar kaɗai ke taɓa ƙasa, ƙafar kuma tana tura kanta gaba, don haka idan kamun da ke tsakanin takalmi da daɓe bai isa ba, sai ta wuce. Mutum na iya gyara tsayuwarsa idan sulalewar ba ta wuce 'yan santimitoci ba, amma idan ta yi tsawo da sauri babu abin da zai tare shi. Na biyu shi ne sa'ad da ƙafar baya ke wucewa zuwa gaba. Yatsun ƙafa ba sa nisa da ƙasa a lokacin, tazarar ba ta cika wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba. Shi ya sa tayil ɗin da ya ɗan ɗago, ko wayar janareta da aka ja ta tsakiyar ofis, ko bakin darduma da ya naɗe, ke iya kayar da ƙato.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ruwa mai yawa bai kai ɗan danshi haɗari ba. Kowa na ganin kududdufi ya kauce masa. Amma a kan tayil mai sheƙi, siririn ruwan da mofa ta bari, wanda ido ba ya ko gani, ya isa ya shiga tsakanin dunduniya da daɓe ya raba su. Daɓe mai ɗan kaushi yana da ƙananan tudu da ke huda wannan ruwa su taɓa takalmi. Mai santsi ba shi da su. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya tana auna wannan da wata na'ura mai lilo, wadda ke goga ɗan roba a kan daɓe kamar yadda dunduniya ke yi. Idan makin da daɓen ya samu ya kai 36 ko ya wuce, ana ɗaukar haɗarin zamewa a kansa kaɗan ne, idan kuma bai wuce 24 ba, babba ne. Tayil mai ƙyalli yakan ci wannan gwaji da kyau a bushe, ya faɗi warwas da zarar ya jiƙe. Duk da haka shi ne abin yayi a bankuna da asibitoci masu zaman kansu da otal-otal da sababbin ofisoshin gwamnati, har a bakin ƙofar shiga da matakala da banɗaki, domin kyan gani ake dubawa wajen saye. Wanda ya zaɓi tayil ɗin ba shi ne zai riƙa bi ta kansa da bokiti ko tire a hannu ba.

Yanayin ƙasar Hausa yana ƙara nasa. Da damina, kowane mai shigowa yana ɗauko ruwa da taɓo a takalminsa, 'yan mitocin farko na bakin ƙofa su zama tarko idan babu shimfiɗa mai tsotse ruwa. Da hunturu kuma ƙurar da ke sauka dare da rana tana kwanciya a kan tayil, ita ma tana raba takalmi da ƙasa ko da babu ɗigon ruwa. Ga ɗauke wuta, wanda ke jefa matakala da sito cikin duhu kafin a tayar da janareta. Ga zafin bazara, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, inda lebura mai aiki a kan rufi ke iya jin jiri saboda ƙishirwa. Ƙwayar tiramadol da wasu leburori ke sha don su jure aiki tana kawo jiri, tana ma iya kawo farfaɗiya, abin da a kan tsani daidai yake da hukuncin kisa.

Kowace sana'a da irin santsinta. A masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa aikin ruwa ne daga jiƙo har rini, ga kitse da gashi da sinadarai a ƙasa. A mayanka jini ne da tumbi da ruwan wanki. A garejin makanikai baƙin mai ne, ga ramin duba ƙasan mota da ake bari a buɗe. A ɗakin girki na otal da gidan biredi, man gyaɗa da garin fulawa. A asibiti, ma'aikaciyar jinya tana sauri zuwa ga mara lafiya ta bi ta inda ruwan ƙarin jini ko na ƙarin ruwa ya ɗiga, ko inda mai shara ta gama gogewa yanzun nan. Masu sharar kansu suna cikin waɗanda suka fi faɗuwa, tunda a kan jiƙaƙƙen daɓe suke wuni, yawanci da silifa. 'Yan dako a Dawanau da Singa suna hawa siririn katako da buhu mai kilo 50 ko 100 a ka zuwa bayan tirela. Kayan ya ɗaga tsakiyar nauyin jikinsu sama, ya hana su kallon ƙasa, ya kuma ƙwace hannayen da za su kare kansu da su. Ƙwayar gero ko waken suya da ta zube a kan siminti tana mirginawa a ƙarƙashin ƙafa.

Matakala tana da nata sirrin. Bayan taku biyu ko uku, ƙafa tana haddace tsayin matakin, ta daina jiran ido. Idan ɗaya daga cikin matakan ya fi sauran tsawo ko gajarta, nan za a yi tuntuɓe. Dokokin gini na Amurka ba su yarda bambancin ya kai santimita ɗaya ba. A gine-gine da yawa na nan gida, matakin farko ko na ƙarshe yakan sha bamban da sauran, saboda an zuba matakalar tun kafin a san kaurin daɓe da tayil ɗin da za a ɗora. Idan aka haɗa da rashin ƙarfen dafawa, ko doguwar riga da ke jan ƙasa, ko waya a hannu, sauran bayani a asibiti ake yin sa.

Faɗowa daga sama kuwa lissafinta ba shi da wuya. Wanda ya suɓuto daga tsayin mita 3, wato kusan rufin gida mara bene, zai isa ƙasa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya da gudun kusan kilomita 28 a awa. Daga mita 6 gudun ya kusa kilomita 40. Babu lokacin kama wani abu. Saboda haka ne dokar Amurka ta wajabta kariya daga ƙafa 6 zuwa sama a wurin gini, ƙafa 4 kuma a masana'antu, kuma shekara da shekaru karya wannan ƙa'ida shi ne laifin da sufetocin OSHA, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar, suka fi rubutawa. A wuraren gini na Kano ko Abuja ko Yamai, abin da aka fi gani shi ne gadon gora ko na katako da aka ɗaure da waya ko aka buga da ƙusa, falanki ɗaya a shimfiɗe, babu makari a gefe. Leburori na hawa da kwanon kankare a ka ranar zuba dakin, ranar da ake gaggawa domin kada siminti ya sandare. Kafinta na takawa a kan katakon rufi, wani lokacin ya taka silin da ba zai ɗauki ko yaro ba. Tsani ma yana da ƙa'idarsa: a janye gindinsa daga bango mita ɗaya a kan kowace mita huɗu ta tsayi, kansa ya zarce inda za a sauka da kimanin mita ɗaya, a ɗaure shi ko wani ya riƙe, mai hawa kuma ya kasance kullum gaɓoɓinsa uku na manne da shi. Wanda ya hau da bokitin fenti a hannu ɗaya da buroshi a ɗayan ya riga ya karya ta.

Irin raunin ya danganta da yadda aka faɗi. Mai faɗuwa yakan miƙa hannu ya tare ƙasa ba tare da tunani ba, sai nauyin jiki duka ya sauka a wuyan hannu. Karayar da ke biyo baya sananniya ce tun 1814, lokacin da likitan fiɗa Abraham Colles na Dublin ya bayyana ta, har yau kuma da sunansa ake kiranta. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa wanda tsagewarsa ba ta cika fitowa a hoton farko ba. Sai a ce targaɗe ne a shafa man zafi, alhali jini ba ya isa ƙashin sosai, yana iya ƙin haɗewa, hannun ya yi rauni har abada. Ga tela ko makanike ko mai buga kwamfuta wannan ba ƙaramar asara ba ce. Wanda ya zame da baya yakan bugu a ƙugu ko ƙashin baya ko ƙeya. Ma'aikatan da suka manyanta, musamman mata bayan ɗaukewar al'ada, ƙashinsu ya fi saurin karyewa, kuma karayar kwatangwalo takan zama ƙarshen aikinsu.

Buguwar kai ita ce mai yaudara. Mutum na iya suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo, ya karkaɗe riga ya ce lafiyarsa ƙalau, alhali jini na taruwa a hankali tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa. Bayan 'yan awoyi sai ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, barci ya rinjaye shi, magana ta rikice. Duk wanda ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan alamu, ko ruwa ko jini na fita daga kunnensa ko hancinsa, asibiti ne wurinsa nan take. Haka kuma wanda ya faɗo daga sama yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa. Abin da abokan aiki suka saba yi cikin tausayi, wato su ɗaga shi zaune, su yayyafa masa ruwa, su kama hannu da ƙafa su cusa shi a adaidaita sahu, yana iya mayar da karayar ƙashin baya ta zama yankewar laka. Abin da ya dace shi ne a bar shi a kwance, a riƙe kansa daidai da jikinsa, idan dole ne a ɗauke shi a ɗora shi a kan ƙofa ko faffaɗan katako ba tare da an lanƙwasa shi ba.

Daga nan hanya takan rabu biyu. Wasu su nufi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko wani babban asibiti, mafi yawa kuma su nufi gidan mai ɗori, domin ya fi arha, ya fi kusa, yana kuma karɓar biya kaɗan-kaɗan. Masu ɗori suna samun nasara a karaya mai sauƙi, wadda dama ƙashi zai haɗe da kansa idan an hana shi motsi. Matsalar tana wurin karayar da ta shiga gaɓa, da wadda ƙashi ya huda fata, da ɗaurin karare da ya yi tsanani har ya tare jini. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna rubutu kan hannaye da ƙafafun da suka ruɓe ta wannan hanya har sai da aka yanke. Leburan da ake biya kullum-kullum ba ya zaɓar mai ɗori don jahilci kawai. Ranar da ya faɗi ita ce ranar da kuɗin shigarsa ya tsaya.

Idan abu ya faru, abin da aka fi ji shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ko kuma a ce ai shi ne bai kula ba. Maganar farko tana sanyaya zuciya, ta biyun kuma tana wanke mai wurin, amma dukansu suna rufe tambayar da ta kamata a yi, wato me ya sa wurin ya jiƙe, tun yaushe, wa ya sani. Sau da yawa bincike kan nuna cewa mutane da dama sun riga sun zame a daidai wannan wuri ba su faɗi ba, aka yi dariya aka wuce. Masana suna jera matakan kariya daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni. A sama akwai kawar da sababin: a gyara famfon da ke yoyo, a sa tire a ƙarƙashin injin da ke zubar da mai, a bi da waya ta jikin bango, a haɗa abin da za a iya haɗawa a ƙasa kafin a ɗaga shi sama. Sai gyaran wuri: daɓe mai kaushi, magudana, makari, fitila mai batir a matakala. Sai tsarin aiki, kamar yin guga bayan an tashi, ko goge rabin hanya a bar rabi a bushe, a kuma bi da busasshiyar mofa. Ɗan allon nan mai ruwan ɗorawa da ake kafawa a jiƙaƙƙen wuri yana can ƙasan jerin, domin bai busar da komai ba, kuma inda aka bar shi dare da rana ido ya daina ganinsa.

Takalmi na cikin matakan ƙarshe, amma an gwada amfaninsa. A wani gwaji da aka yi da ma'aikatan lafiya fiye da 4,500 a Ingila, wanda aka wallafa a 2021, waɗanda aka ba takalmi mai hana santsi sun samu raguwar zamewa da kashi 37 cikin 100 idan aka kwatanta da masu sa nasu na yau da kullum. Ba kowane but ne ke da wannan siffa ba. Mai ƙarfe a baki yana kare yatsu daga abin da zai faɗo, amma tafinsa na iya zama mai santsi, kuma kowane tafi idan zanensa ya cinye ko taɓo ya cike shi ya tashi daga aiki.

Ta fuskar doka, Najeriya ba ta rasa rubutu ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta tsabtace daɓe, da yi masa magudana inda aikin na ruwa ne, da isasshen haske, da matakala masu ƙarfi da abin dafawa. Ta kuma ce a sanar da sufeto duk haɗarin da ya yi kisa ko ya hana ma'aikaci aiki fiye da kwana uku. Sai dai masana'antu ta fi shafa, ba ofis ko kasuwa ko asibiti ba, tarar da ke cikinta kuma 'yan dubban naira ce da aka yanka tun naira na da daraja. Sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ba su da yawan da za su zagaya. Ƙasar ta sa hannu a yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1994, da ta 187 a 2022, dukansu kan lafiyar ma'aikata, shekarar da ƙungiyar ta sanya wurin aiki mai aminci cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci.

Diyya kuwa tana ƙarƙashin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1987, asusun inshorar ma'aikata na NSITF ne kuma ke gudanar da ita. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi ɗaya cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma haramun ne ya cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Tsarin ba ya neman a tabbatar da laifin kowa, ya isa a nuna cewa raunin a bakin aiki ya samu, har da kan hanya tsakanin gida da wurin aiki. Ana biyan kuɗin magani da na gyaran gaɓa, wanda ya nakasa gaba ɗaya kuma yana da haƙƙin kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Dokar ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo da mai aikin gida, ko da yarjejeniyar ta baka ce, kuma duk wata takarda da aka sa ma'aikaci ya sa wa hannu cewa ya yafe diyyarsa ba ta da ƙarfi. A Nijar, asusun CNSS ne ke ɗauke da irin wannan nauyi ga ma'aikatan da aka yi wa rajista.

Wa'adi shi ne inda da yawa ke yin asara. Ma'aikaci ko iyalinsa za su sanar da mai ɗaukar aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga asusun NSITF cikin kwana 7, sannan a shigar da buƙatar diyya cikin shekara ɗaya, sai dai idan akwai uzuri na musamman da zai kai wa'adin shekara uku. Wanda bai gamsu da hukuncin asusun ba yana iya ɗaukaka ƙara har Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Takardar likita ta ranar farko, da hoton wurin kafin a goge, da sunayen waɗanda suka gani, su ne abin da ake riƙewa, kuma su ne wanda ya wuce kai tsaye gidan mai ɗori ba ya da su. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna sashen da ba shi da rajista. Ga ɗan dako da leburan gini da yaron gareji, diyyar da ake samu a zahiri ita ce abin da maigida ko ɗan kwangila ya ga dama ya bayar na magani, da karo-karon da ƙungiyar 'yan sana'a ke haɗawa, galibi na makonnin farko kawai.